Takunkumin da Baba Ya Ɗaura wa Motarsa

Shekara goma sha ɗaya ina da garejin kaina, kuma a cikin direbobin hayar da ke lodi a tashar bayan kasuwa babu wanda bai taɓa kawo mini motarsa ba sai mutum ɗaya. Wannan mutum ɗaya kuwa ubana ne.

Laifina tsoho ne. Ina ɗan shekara goma sha biyar, wata rana Baba ya tafi gaisuwar mutuwa a motar wani, na ɗauki sifana na kwance kafireton motarsa don in ga abin da ke ciki. Na gani kuwa, mayarwa ce ta gagara. Ya dawo ya same ni a tsakar gida da ƙananan notuna cike da murfin tukunyar Inna, ina ta zufa. Kwana uku bai fita aiki ba. A ranar ya rantse hannuna ba zai sake taɓa motarsa ba. Daga nan na yi koyon aiki shekara bakwai, na yi wa wasu aiki, na buɗe nawa wurin, na yi aure, na haifi 'ya'ya uku. Motar ma an sayar da ita, an sayi wata, ita ma an sayar, wannan ta uku ce. Na taɓa tuna masa.

"Baba, ai waccan motar ka yi wa rantsuwa. Ita kuwa tuni aka narkar da ita."

"Motata na ce. Wannan ta waye?"

Tsohon bakaniken da ya yarda da shi, abokinsa tun suna samari, ya rasu shekara uku da suka wuce. Tun daga nan Baba ya zama likitan motarsa, kuma maganinsa guda ɗaya ne, ƙari. Baƙin mai ya yi ƙasa, a ƙara. Ruwa ya yi ƙasa, a ƙara. Juye kuwa, wato a zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo, a wurinsa dabara ce da mu kanikawa muka ƙirƙiro don mu ci kuɗin bayin Allah. Iskar taya da ƙafa yake auna ta. Ya ɗan shure ta da safe, ya ce ƙalau take.

Kullum ƙarfe bakwai yakan wuce ta ƙofar garejina. Ba sai na ɗaga kai ba. Injin yana tafiya yana tuntuɓe, fulogi ɗaya ya mutu ko yana shirin mutuwa, salansa tana feso baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur, tayar baya ta hagu tana wani ƙugi da ke gaya mini birki yana riƙe ta. Ya danna mini hon, ya ɗaga hannu, ya wuce. Ni kuma in tsaya da sifana a hannu ina cizon yatsa. Aikin awa uku ne fa. Awa uku kacal, da kayan da ke jibge a kanta a bayana.

Da fetur ya ƙara tsada, abin ya wuce cizon yatsa. Wata Laraba sai ga Inna a gareji, ita da ko wucewa za ta yi sai ta toshe hanci. Na jawo mata kujera, ta ƙi zama.

"Babanku ya ce ƙarshen wata zai ajiye mota."

"Ajiyewa kamar yaya?"

"Ya ce wuni yake yana yi wa gidan mai bauta. Jiya abin da ya shigo da shi ko cefane bai kai ba. Zama ya yi ya ƙura wa bango ido har abinci ya huce."

"To ya ajiye mana, Inna. Ai ban gaza riƙe ku ba."

Ta yi mini wani kallo. "Abinci na ce maka muka rasa? Kai ba ka san ubanka ba ne? Mutumin da ko zazzaɓi yake sai ya lallaɓa tasha ya zauna a benci? Ran da ya daina zuwa tashar nan, wallahi mun rasa shi."

Gaskiyarta. Shekara talatin da shida Baba yana lodi a tashar nan. Dattijo suke kiransa, yaro da babba. In fasinja ya manta jaka, wurinsa ake kai ajiya. In direbobi biyu suka yi rigima a kan wanda ya riga wani shiga layi, shi ake kira, kuma abin da ya faɗa ya zauna, don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. A gida tsoho ne mai faɗa a kan an matsar masa da takalmi. A tasha kuwa shi wani ne.

Nan muka ƙulla ni da Inna. Ranar Lahadi Baba ba ya fita aiki. Ƙarfe tara yakan taka da ƙafa zuwa shagon mai aski, ba ya dawowa sai azahar. Ba gashi ke riƙe shi ba, don abin da ya rage a kansa minti biyar ya ishe shi. Musu ne ke riƙe shi. Makullin motar kuma yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗaki.

"Rantsuwar fa?" in ji Inna.

"Shi ya rantse, ba ni ba."

"Allah ya yafe mana," ta ce, ta juya ta tafi.

Lahadin nan na zo a babur da kayana a buhu. Inna ta ɗauki tsintsiya ta tsaya a ƙofar gida tana share wurin da ta riga ta share. Da na ɗaga bonet sai da na yi salati. Filtar iska, wadda injin ke shaƙar numfashi ta cikinta, ta toshe ta yi baƙi ƙirin kamar an tono ta daga murhu. Injin da ba ya samun iska, da fetur yake ramawa. Na kwance noton ƙasa, baƙin mai ya fara fitowa da ƙyar, kauri gare shi, sai da na jira shi. Fulogi huɗu, uku sun ƙone, na huɗun ban san da me yake rayuwa ba. Na ɗora ma'auni a kan tayoyin da ake shura kullum, babu wadda ta kai kashi biyu cikin uku na iskar da ya kamata. Birkin baya na hagu ya maƙale, shekara da shekaru motar tana jan ƙafa. A ƙasan shimfiɗar but kuma na tarar da matattun batura biyu da wani rabin giya na motar da aka sayar tun ina saurayi. Kullum Baba yana sayen fetur don ya yi yawo da su a gari.

Ina cikin aiki na hangi wani abu a jikin tiyon fetur. Ƙarafa biyu ne, kowanne kamar kwalin ashana, an shafa musu jan fenti, an ɗaure su da roba.

"Inna, wannan fa?"

Ta leƙo. "Jiya ya sayo. Wani mai akwati ne ya zo tasha da su. Wai takunkumi ne, yana hana inji zarin mai."

Na kai sifana kusa, ta manne. Maganaɗisu ne, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar sifikar rediyo. Ba ya ƙari, ba ya ragi. Na yi dariya har na kai hannu zan tsinke robar, sai na tuna in na cire shi Baba zai gane an shiga motarsa. Na bar shi. A lokacin har yaba wa kaina wayo na yi.

Da na gama sai na koma ɓata aikina. Na shafa tsohon mai a murfin filta, na barbaɗa ƙura a kan wayoyin fulogi, na zuba yashi inda mai ya ɗiga. Ni da nake korar mai koyo in ya bar zanen yatsa a jikin mota. Tsofaffin kayan na zuba a buhu, na kai gareji na cusa ƙarƙashin tebur.

Litinin ƙarfe bakwai motar ta wuce. Sai da na ɗaga kai, don ban gane ta ba. Babu tuntuɓe, babu hayaƙi, babu ƙugi. Ranar ban yi faɗa da kowa ba.

Alhamis da yamma sai ga motar ta karyo kwana ta tsaya a bakin garejina, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ajiye sifana. Baba ya fito yana wani taku, ya ɗaga bonet da kansa.

"Zo ka gani. Amma ka sa hannunka a aljihu."

Na sa hannuna a aljihu na je.

"Ka ga wannan?" Ya nuna jan ƙarfen. "Shekara nawa kana damuna da sabis, sabis? Ga ɗan ƙarfe ya yi abin da ku duka kuka kasa. Man da nake sha da safe ya ƙare kafin azahar, yanzu har bayan la'asar yake kai ni. Tsaya ma, ba ka ga komai ba."

Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya ɗaga ta a rana. Man da na zuba da hannuna, wanda na zaɓo mafi tsada a shago, yana ɗiga yana ƙyalli.

"Dubi. Har baƙin mai yake wankewa."

Na dube shi. Fuskarsa ta cika da fara'a, rabon da in gan shi haka tun kafin abokinsa ya rasu.

"Allah ya sa albarka, Baba."

"Amin. Ku dai kanikawa ku fara neman wata sana'ar."

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye, ai ba yau na fara haɗiyewa ba. Sai dai Baba ba ya iya ganin alheri ya ci shi kaɗai. Washegari ya ɗaga bonet a tsakiyar tasha. Mai Akwati da ya dawo mako na gaba bai ma sha wahalar talla ba. Ya buɗe akwatinsa a kan benci, duk wanda ya tambaye shi ko abin yana aiki sai ya nuna da haɓa ya ce, "Ga Dattijo can, tambaye shi." Cikin mako biyu da wuya ka ɗaga bonet a tashar nan ba ka ga jan ƙarfe ba. Baba ko sisi bai karɓa ba. Shi yake ma ɗaura musu, don Allah, yana nuna musu daidai inda ya sa nasa.

Garejina ya yi tsit. Masu zuwa juye duk wata biyu suka ɗauke ƙafa. Me zai kawo su, suna da ƙarfen da ke wanke mai?

Akwai wani direba da ake kira Ba-Birki, ba don tuƙinsa ba, don bakinsa. Yana da mata da 'ya'ya biyu, motar ce kaɗai abin da ya mallaka, kuma tun ranar da ya saye ta ni nake duba masa ita. Na tare shi a gidan mai.

"Lokacin juyenka ya wuce. Kawo ta gobe."

"Maigareji, ai mun ci gaba."

"Wannan abin maganaɗisu ne kawai. Ko a wuyanka ka rataya shi, daidai yake da a jikin tiyo."

"To ya aka yi ya yi wa Dattijo aiki?"

Na kau da kai ina kallon famfon mai.

"Ka gani? Ubanka za ka ƙaryata? Kasuwa ce ta yi sanyi, mun sani. Ka yi haƙuri, Allah zai kawo wata hanyar."

Ya ja motarsa ya bar ni tsaye, masu sayar da mai suna yi mini murmushi.

Abin haushin, babu motar da ta rage shan mai ko cokali ɗaya, amma babu wanda ya zargi ƙarfen. Kowa kansa yake zargi. Wannan ya ce ya ɗaura a juye. Wancan ya ce nasa ƙarami ne, ya ƙaro na biyu. In suka kai kuka wurin Baba sai ya ce, "Ƙafarka ce mai nauyi a totur. Ka ba shi lokaci." Su kuma su ba shi, don Dattijo ne ya faɗa.

Na ce wa Inna dole a gaya masa.

"Ka ga yadda yake cin abinci yanzu? Har ƙari yake nema. Ka rufa mini asiri ka bari."

"Inna, mutane fa za su cutu."

"Su zo ka gyara musu mana, ba sana'arka ba ce?"

Na ce to bari in janye hannuna, motar ta koma yadda take, kowa ya gane da kansa. Na yi mako shida ban taɓa ta ba. Amma kullum da safe tana wucewa, ina jin tayar gaba tana yin laushi, ina jin injin ya fara kauri, kuma na san ran da ta koma gidan jiya maganar ajiyewa za ta dawo. Lahadi ta bakwai sai ga ni kwance a ƙarƙashinta. Washegari Baba ya zaga tasha da sandar awo a hannu, yana nuna wa masu shakka yadda man ya sake wankuwa. Waɗanda suka fara sanyi suka koma suka ƙara saye. Ni da hannuna nake yi wa ɗan damfara talla, kyauta, a kwance cikin ƙasa, ranar hutuna. In na tuna haka har abinci yake fita raina.

Sau ɗaya na gwada. Muna zaune a baranda, yana shan shayi.

"Baba, abin nan fa maganaɗisu ne."

"Na sani. Ai mai shi ya faɗa."

"Ba ya yin komai."

"To wa ke yi? Aljanu?"

Na dubi Inna. Tana bayansa riƙe da buta, tana girgiza mini kai, idonta ya kawo ruwa. Na ce wataƙila aljanun ne, na tashi na tafi.

A wata na biyar, da hantsi, aka jawo motar Ba-Birki da igiya zuwa garejina. Tun kafin in taɓa ta na san labarin. Na kwance noton ƙasa, abin da ya fito ba mai ba ne, taɓo ne. Injin ya buga. Ba-Birki ya zauna a ƙasa dirshan, ya ɗora hannu biyu a ka, kuma ranar ce na fara ganin bakinsa a rufe. Can ya ce, "Ubanka ne ya ce yana wanke mai."

"Ni kuma me na ce maka?"

"Kai ba Dattijo ba ne." Ya share fuska. "Mai Akwati ya gudu, wayarsa a kashe. An ce tare suke da ubanka, ana ba shi kasonsa. Yanzu haka suna can sun tsare shi. Shugaban tasha ya ce yau za a cire shi daga layi."

Ban san lokacin da na jawo buhun nan daga ƙarƙashin tebur ba. Na ɗora a babur na nufi tasha.

Na tarar an daina lodi. Direbobi sun fi talatin a ƙarƙashin rumfa, fasinjoji suna leƙe ta tagogin motoci. Baba yana tsaye a tsakiya kusa da motarsa, bonet a ɗage, sandar awo a hannunsa. Shugaban tasha, wanda Baba ne ya koya masa tuƙi, yana magana ba ya kallonsa.

"Dattijo, mota ashirin da wani abu aka ɗaura wa abin nan. Taka kaɗai ya yi wa aiki. Ka faɗa mana yadda aka yi."

"Ni abin da idona ya gani na faɗa. Ga man nan, ku duba."

"Nawa yake ba ka a kan kowanne?" wani ya jefo daga baya.

Baba ya sauke sandar awon. Ya juya yana neman mai maganar, bai same shi ba, don fuskokin duk iri ɗaya suka zama. Jinina ya hau kaina. Na ratsa su na zazzage buhun a gaban Shugaba. Filta biyu, fulogi huɗu, takalman birki, duk suka watse a ƙasa.

"Ubana bai ci kuɗin kowa ba! Ni ne. Ni nake yi wa motar sabis a ɓoye. Ƙarfen banza ne kuka saya, shi ma an cuce shi kamar ku."

Da na tsaya a nan, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Ban tsaya ba. Shekara ashirin da uku maganar tana cina, ga jama'a sun yi tsit suna saurarena. Na ɗaga filtar iska sama na juya ta kowa ya gani, na ce ga abin da injin yake shaƙa. Na ɗaga fulogi. Na gaya musu yadda ake auna taya da ƙafa a gidanmu. Na gaya musu matattun batura da rabin giya. Na gaya musu Lahadi, da shagon mai aski, da Inna da tsintsiyarta a ƙofa, da ƙurar da nake barbaɗawa don kada a gane. Na ce da kowannenku ya yi juye a kan lokaci, ya auna iskar taya duk mako, ya canza filta, da kun ga abin da shi ya gani. Kuma zan faɗi gaskiya, daɗi nake ji. Ina magana ina jin daɗin muryata.

Na rufe baki. Sai wani ya tuntsire da dariya, sai rumfar gaba ɗaya ta ɗauka.

"Dattijo! Wata biyar ana yi wa motarka tiyata kana can ana yi maka gyaran fuska!"

"Shekara talatin da shida a sitiyari, a canza maka fulogi ba ka ji ba?"

"Ƙafarmu ce mai nauyi, Dattijo, ko ba haka ba?"

Wani ya je ya shuri tayar motar ya ce ƙalau take, aka sake fashewa. Shugaba yana share hawayen dariya ya ce a yi wa Dattijo uzuri, ba shi da laifi, magana ta ƙare, a koma lodi. Har ya ce Dattijo ya shiga gaba ya yi lodin farko.

Baba bai dube ni ba. Ya goge sandar awon da gefen rigarsa, ya mayar da ita, ya sauke bonet a hankali, ya shiga ya ja motar babu fasinja ko ɗaya. Kafin in kai ga babur mutum huɗu sun riƙe ni suna tambayar yaushe za su kawo nasu.

Na same shi a baranda, bai ko cire takalmi ba. Inna tana ƙofar ɗaki, ta riga ta karanta komai a fuskarsa. Na durƙusa.

"Baba, za su kore ka ne. Dole in wanke ka."

"Ka wanke ni."

"Yanzu kowa ya san ba ka ci kuɗin kowa ba."

"Sun sani." Ya dubi hannunsa. "Da suka ce na ci kuɗi, ina da amsa. Ko shekara za a yi, zan tsaya in ce ban ci ba, wata rana su gane. Wannan da ka ba su, me zan ce? Gaskiya ce."

"Dariya ce kawai, Baba. Kwana biyu sun manta."

"Gobe in mutum biyu sun yi rigima, wa zai kira wanda bai san abin da ke cikin motarsa ba? Kuma yaron nan da injinsa ya buga, maganata ya bi."

Haushi ya turnuƙe ni, na ji muryata ta ɗaga. "Da tun farko ka bar ni na yi aikina a fili, da duk wannan bai faru ba!"

"Da," ya ce. Ya miƙa wa Inna makulli, ya tashi ya shiga ɗaki.

Washegari ƙarfe bakwai na tsaya a ƙofar gareji. Motoci suna ta shigowa, layi har titi, kowa yana son juye da filta da awon taya. Ta Baba ba ta wuce ba. Na ce fushi ne, zai huce. Shugaba ya je gida sau biyu ba da haƙuri, Baba ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi shayi, ya raka shi ƙofa. Na haɗa wa Ba-Birki injinsa ban karɓi kuɗin aiki ba, ya je da kansa ya ce wa Baba ya yafe. Baba ya yi masa godiya ya sa masa albarka. Bai fita ba.

Yau wata uku ke nan. Direbobin tashar suna gaya mini man da suke sha ya ragu, suna yi mini addu'a, ni kuma in ji kamar in jefe su da sifana. Baba ya daina neman ƙarin abinci, ya daina faɗa a kan takalmi. Wandonsa sai da Inna ta rage masa ƙugu.

Lahadin da ta wuce Inna ta miƙo mini makulli a gabansa, ta ce in tayar da motar ta ɗan yi zafi kada batir ya mutu. Yana zaune a baranda, bai ce a'a ba. Na shiga na zauna a kujerarsa, wadda ta lotsa daidai jikinsa. Murɗa ɗaya injin ya tashi, sumul, babu ko gargada. Tun da nake riƙe sifana ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba. Ta gilashi na ga Baba ya karkata kai yana saurare, yadda direba ke yi, har leɓensa ya ɗan motsa. Na sauke gilashi na jira.

Sai ya miƙe, ya ɗauki kujerarsa, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.